Baba Laraba da Matsattsakun Fadamar Nariya

A Nariya, in sa ya fara haɓo yana kau da kai daga ciyawa, ba a tsayawa dogon shawara. Sai ka ji an ce, "A kira Laraba." Ba a ce mata Hajiya, domin ba ta taɓa hawa jirgi ba. Ba a kuma ce mata Malama, domin ko allo ba ta riƙe ba da ƙuruciyarta. Mu yaran unguwa Baba Laraba muke ce mata. Ni Afra'u ce, 'yar Malam Dalhatu, wadda take koyar da matan aure a Islamiyyar unguwarmu yanzu. Duk wanda ya ga kamar alfaharin da nake yi da tsohuwar nan ya yi yawa, ya yi haƙuri ya ji dalili tukuna.

Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu, yatsunta duk kanta. Ba ka ganinta sai da ɗan ƙoƙo a hannu da ƙyallen saƙi a soke a ƙugu. A Zurgu ta ƙasar Rano aka haife ta, aure ne ya kawo ta Nariya, gidan Ishiyaku mai shanun huɗa. Ba su daɗe da aure ba babban bijiminsu ya fara zubar da jini ta hanci, yana ramewa, ga damina ta kawo kai. Aka yi jiƙo, aka yi turare, aka hura masa garin taba, abu sai gaba yake yi. Da Ishiyaku ya ga bijimin zai zama mushe, sai ya kira mahauci. Ana fasa kan, aka tarar da wani baƙin abu mai kaurin babban yatsa a manne can cikin hanci, ya sha jini ya yi suntum. Matsattsaku ne.

Laraba ta tsaya tana kallonsa, ta ce, "Yanzu wannan ɗan abin ne ya ci mana sa?"

A wannan shekara da fartanya suka yi noma, ita da mijinta, har tafin hannunta ya fashe. Haushin abin bai bar ta ta zauna ba. Ta bi Dije, wata Bafulatana da take kawo musu nono, har ruga, ta tsuguna ta ce a koya mata. Dije ta yi mata dariya son ranta, sannan ta nuna mata. Ashe ba wani asiri a ciki. Ɗaure san za a yi a rana tun asuba, a hana shi ruwa. In la'asar ta yi, a ɗebo ruwan fadama mai warin taɓo a ƙoƙo, a riƙe masa a ƙarƙashin hanci, ba tare da an bar shi ya sha ba. Ƙishin da ya kama sa ya fi kama baƙon da ke ciki. Da kansa zai leƙo neman ruwa, mai ƙyalle kuma tana jiransa a bakin ƙofa.

Faɗa da baki ya fi aikin sauƙi. Laraba ta sha harbi, ta sha tunkuyi, akwai wani maraƙi da ya taɓa zubar mata da haƙori ɗaya. Amma har Ishiyaku ya rasu, har ta tsufa, ba a sake yanka wani sa a Nariya saboda matsattsaku ba. Daga Kibiya ana zuwa ɗaukar ta a kan mashin, ta ɗare baya da ƙoƙonta kamar wata ungozoma.

In ta ciro shi ba ta jefarwa nan take. Sai ta sa shi a kwalba ta tara mu ta nuna mana, wai don mu san abokin gabarmu.

"Ku dubi jikinsa," in ji ta, "zobe-zobe, kamar an jera awarwaro. Ba ƙashi, ba ƙafa. Shi da tana 'yan gida ɗaya ne, tana ta zaɓi cin ƙasa, shi ya zaɓi jini. Kowane gida ai ba ya rasa ɓata-gari."

Ta nuna mana yadda yake da abin mannewa gaba da baya, ya kafa gindi ya miƙe ya yi siriri kamar zare, ya kafa baki ya janyo sauran jikin. Ta ce fatarsa ita ce hancinsa, da ita yake numfashi, in ta bushe ya gama yawo. Ta ce yawunsa yana kashe zafin cizo, yana kuma hana jini daskarewa, shi ya sa sa yake ɗauke da shi wata da watanni bai san abin da ke cin sa ba. Abu ɗaya ne ya gagare ta, wai duk shekarun nan ba ta taɓa gane macen daga namijin ba. Sai bayan na yi nisa a boko na karanta cewa kowane ɗaya yana ɗauke da halittar mace da ta namiji gaba ɗaya. Da na kawo mata labari, ta riƙe haɓa ta ce, "To, shi ya sa ba su da kunya."

Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, lokacin da siyasa ta dawo kowane bango ya sha fosta, Islamiyyu suka yi ta tsirowa a ƙauyukanmu. Har tsofaffi ka gan su da hijabi da 'yar jaka suna tafiya ɗaukar karatu. Aka yi ta jan Baba Laraba, ta ƙi. Takan ce kanta ya riga ya bushe, kuma wa zai yarda ya zauna kusa da mai warin turke? Wasu samari masu sabon zafin wa'azi ma suka fara cewa surkulle take yi, tunda ana ganin bakinta yana motsi a kunnen sa. Da maganar ta iso mata ta ce, "Ku gaya musu abin da nake faɗa shi ne, tsaya ɗan nema, kada ka take ni. In suna so su zo su riƙe ƙoƙon."

A shekarun nan ne aka sa musabaƙar karatun Alƙur'ani a Kibiya, duk wadda ta yi nasara za ta wuce zuwa Kano. Ba a taɓa samun yarinya daga Nariya da ta je ba. Malam, mahaifina, ya zaɓe ni a izu goma, ina 'yar shekara goma sha huɗu. Ba wai na fi sauran ɗalibansa hadda ba ne. Abin da Allah Ya ba ni shi ne gunna, wato sautin nan da yake fita ta hanci in an zo kan nun ko mim mai shadda. In na ja ta, har Malam yakan lumshe ido. Ni kuwa in na ga ya lumshe ido sai in ji kamar an ba ni duniya.

Da bazara muka je lambun kawuna tsinkar tumatir. Azahar ta riske mu a can, na tsuguna a bakin wani kududdufi na fadama na yi alwala. Na kurkure baki, na shaƙa ruwa sosai yadda aka koya mana, na fyace. Ban ji komai ba.

Bayan 'yan makonni haɓo ya fara, ta kafar hanci ɗaya, ta hagu. Ba ya zuba da yawa, amma ba ya tsayawa. Sai hancin ya toshe. Ranar da na zo jan gunna a gaban Malam na ji wani sauti ya fito kamar na mai mura, yaran makaranta suka ƙyalƙyale da dariya, ni kuwa na fashe da kuka. Aka sayo maganin ɗigawa a kemis. Malam ya yi mini rubutu. Innata, Zubaida, ta ce baki ne, tunda duk gari an san ni za a tura. Maƙwabta kuma kowa da nasa, daga mai cewa zafin bazara ne sai mai cewa a nemo mai ruƙiyya. Na rame, idona ya yi fari.

Musabaƙa ta matso, Asabar mai zuwa. Malam ya kira ni zaure, bai iya haɗa ido da ni ba.

"Afra'u, in Juma'a ta yi hancin nan bai buɗe ba, ɗalibata Ramlatu ce za ta tafi a madadinki. Amana ce, ba zan tura wadda ba za ta iya ba don kawai 'yata ce."

Na san gaskiya ya faɗa, kuma hakan ya fi yi mini ciwo.

Ranar Laraba, ranar sunanta, ina bayan ɗaki ina ta gwada karatu ina share jini, sai na ji murya ta kan katanga.

"Wace ce take karatu kamar maraƙin da ya sha a fadama?"

Baba Laraba ce, ta dawo daga yankan ciyawa. Ta ajiye damin ta shigo ba ko dogon sallama. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen rana.

"Kafa ɗaya ko biyu?"

"Ɗaya, Baba."

"Jinin yana daskarewa?"

"A'a."

"In kin yi alwala, kina jin abu yana motsi?"

Ina ji mana, amma ban taɓa gaya wa kowa ba, don kada a ce aljani ne. Na gyaɗa kai.

"Buɗe baki." Ta leƙa maƙogwarona ta daɗe. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, bai sauka ba. 'Yar Malam, baƙo gare ki."

Na ce, "Baba, ni fa ba saniya ba ce."

"Shi bai sani ba," in ji ta.

Ta je ta tsuguna a ƙofar zaure ta gaida Malam, Inna tana tsaye a bayanta. Ba ta ɓoye masa komai ba.

"Allah gafarta Malam, ban taɓa yi wa mutum ba, sai dabba. Da a maƙogwaro yake, da yau ɗin nan zan ce a sa ta a mota sai asibitin Kano, don can ya fi ƙarfin hannuna. Amma a hanci yake. A ba ni gobe. In bai fito ba, jibi a tafi da ita. Sai dai akwai matsala. Ƙishi ne kaɗai yake fito da shi, ita kuwa sau biyar take shayar da shi a yini. Duk alwalar da ta yi ta shaƙa ruwa, walima ta yi masa. Sa ba ya salla, shi ya sa aikina yake sauƙi. Wannan kuwa ban san yadda zan yi da ita ba, kuma ba ni zan ce 'yar malami ta bar alwala ba."

Malam ya shafa gemu, sai ya yi murmushi, irin wanda na kwana biyu ban gani ba.

"Wannan ɓangaren nawa ne, Baba. Kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne, ba farilla ba. Mai lalura in ya bar su alwalarsa ta yi. Daga yanzu ta bar su. Gobe kuma Alhamis, ta ɗauki azumin nafila, ƙishin ya zama da lada."

Baba Laraba ta tafa hannu. "Ashe akwai ƙofa! To Malam, ka riƙe naka, in riƙe nawa."

Wannan Alhamis ba zan manta da ita ba. Rana ta buɗe kamar ta san ana nemanta. Baba Laraba ta hana ni zama a ɗaki, ta hana ni kusantar randa, ta ce da baki kawai zan yi numfashi. Kafin azahar leɓena ya tsage. Abin da ke cikin hancina kuma ya fara motsi ba ƙaƙƙautawa, ina jin sa yana miƙewa yana dunƙulewa. Tsoro ya kama ni ƙwarai. Inna sai kai-kawo take yi, ta ɗauki moɗa ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Zubaida," in ji Baba Laraba, "in tausayi ya sa kika jiƙa mata fuska, shi kika tausaya wa."

Bayan la'asar ta tafi fadama da kanta ta ɗebo ruwa, daga kududdufin da na yi alwala. Ta zaunar da ni a kan turmi a kife, ta sunkuyar da kaina gaba don kada ya faɗa ta maƙogwaro, ta riƙe ƙoƙon dab da hancina. Warin taɓo ya bugo ni. Ga ruwa a gaban mai azumi, ba halin sha. Hannunta na dama yana naɗe da ƙyallen saƙi, a kan gwiwarta, ko motsi ba ya yi.

Muka zauna. Inuwar katanga ta yi ta tsawo. Can na ji wani abu mai sanyi yana gangarowa.

"Wayyo Allah, ga shi nan!" Inna ta ƙwalla ƙara ta kai hannu.

Kafin ƙiftawar ido ya koma ciki. Na ji shi ya shige can sama, hawaye suka zubo mini. Baba Laraba ba ta yi faɗa ba. Ta dai dubi Inna ta ce, "Je ki dama mata kunun buɗa-baki. Kada ki fito sai na kira ki." Inna ta tafi tana share ido da bakin mayafi.

Rana ta yi ja. Na san in ladan ya kira magariba dole in sha ruwa, in na sha kuwa aikin yini ya tashi a banza, gobe mota, jibi Ramlatu. Hannun da take riƙe ƙoƙon da shi ya gaji, ta tallafe shi da gwiwa. Bakinta yana motsi a hankali, na kasa kunne.

"Tsaya, 'yar nan, tsaya. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo."

Ya sake leƙowa. Na runtse ido. Ina jin sa yana miƙewa, yana tsawo, har bakinsa ya taɓa ruwan. Ba ta motsa ba. Sai da ya saki jiki sosai, sannan na ji ƙyallen ya rufe hancina caraf.

Na ɗauka fizge shi za ta yi. Ba ta ja ba. Riƙewa kawai ta yi.

"Ba a jan sa," ta ce a hankali. "Gindinsa yana manne a ciki. In na ja zai sulluɓe, ko ya yaga miki nama. Riƙe shi ake yi har ya gaji. Ya ɗauka ya fi ni naci, bai san wadda ta yi noma da fartanya saboda kakansa ba."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji wani abu ya saki, iska mai sanyi ta shiga kafar hancin da ta yi makonni a rufe, har cikin kaina. Ta ɗaga shi sama, baƙi, yana murɗewa a cikin ƙyalle. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

Inna ta fito da gudu da kofin kunu. Malam ya leƙo daga zaure da buta a hannu. Baba Laraba ta danna mini tsumma mai tsabta ta ce jini zai yi ta tsatsafowa har safe, kada a tsorata, aikin yawunsa ne. Ni ko kunun ban kalla ba. Na cire tsumman na ja mim guda ɗaya, doguwa. Ta fita tas. Na ga Malam ya lumshe ido.

Ranar Asabar na yi karatu a Kibiya, na zo ta ɗaya a izu goma. A Kano kam na gamu da waɗanda suka fi ni, na dawo da hijabi da darduma. Amma an kira sunan Nariya a lasifika, kuma duk garinmu an san hannun da ya kai shi can.

Malam ya aika mata da buhun dawa, ta sa aka mayar. Washegari da yamma sai ga ta a gidanmu, ta yi wanka, ta sa wani sabon hijabi da ya yi mata yawa yana jan ƙasa. Ba ƙoƙo, ba ƙyalle. Ta zauna a kan turmin nan, tana ta murza yatsu kamar yarinyar da aka kawo makaranta yau.

"'Yar Malam, ƙananan surorin da nake salla da su, a kunne na tsince su tun ina yarinya. Na san akwai gyara. A gaban matan gari ba zan iya ba. Amma ke na ga cikin hancinki, ba sauran kunya tsakaninmu."

Ita ce ɗalibata ta farko. Kan da ta ce ya bushe bai bushe ba, sai dai gunna ta ba ta wuya. Na yi bayani har na gaji, sai ta fito da ita ta baki. Wata rana ta ce, "Ni ba na gane abu da kunne, sai da hannu. Matso." Ta ɗora yatsunta biyu masu kanta a kan karan hancina ta ce in ja. Na ja. Ta tsaya tana jin yadda yake rawa a ƙarƙashin yatsunta.

"Yauwa," ta ce. "Hanya a buɗe take."

Sannan ta mayar da yatsun kan nata hancin, ta rufe ido, ta gwada. Karo na farko ba ta fita ba. Ta sake, ta sake. Da ta fita, ta buɗe ido tana kallona, ga giɓin haƙorin da maraƙi ya zubar, ga hawaye yana bin kumatunta.

Ta rasu shekarun baya, da damina, Allah Ya jiƙanta. Har yau in sababbin ɗalibai sun zo kan gunna, nakan ce kowace ta ɗora yatsu biyu a karan hancinta. Sukan yi dariya su tambaye ni a wane littafi na samo wannan. Sai in ce musu ba a littafi ba ne, a wurin malamata na koya, Laraba matar Ishiyaku mai shanun huɗa.